Tanko da Sauran Mutanen Ɗakin Ƙasa

Ranar wata Asabar ce a watan Oktoban 2014, sanyi ya fara kunno kai, na bi wani abokin aikina kasuwar 'yan gwanjo da ke ci a bayan garin Cincinnati a Amurka. Ni tsofaffin agogo suka kai ni. Sana'ar gidanmu ke nan. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya fi shekara 30 yana gyaran agogo a Sabon Garin Kano, kuma a gefen teburinsa na iya riƙe hantsaki tun kafin in iya riƙe alƙalami da kyau. Ina cikin tonon wani kwali a ƙarƙashin teburin wata tsohuwa, sai hannuna ya taɓo wata 'yar ƙafa mai baƙin takalmin roba. Na jawo. Sai ga 'yar tsana mai siffar yaro namiji, tsawonsa kamar inci 30, sanye da baƙar kwat da ta koɗe, baki a wangale. Na sa yatsa na tura haɓar sama ta rufe, na saki ta sake faɗowa. A ƙeyarsa akwai wata igiya da ta leƙo. Nan take na gane yadda abin yake: igiyar ce ke buɗe bakin, wani abu a ciki kuma shi ke mayar da shi, to wannan abin ne ya mutu. Dala 20 tsohuwar ta ce, ban ko taya ba.

Da daddare na kwance kan a teburin kicin. 'Yar roba ce kawai ta ruɓe. Na ciro wani siririn sifirin daga cikin tarkacen agogon tebur na maye gurbinta. Ban gama rufewa ba sai ga babbar 'yata ta fito shan ruwa, lokacin shekararta 4. Na ɗora shi a gwiwata, na ja igiyar, na ƙanƙance murya na ce, "Sannu, 'yan mata." Leɓena na motsi ƙarara, don a lokacin ban san komai a harkar ba. Amma ko kallona ba ta yi ba. Shi ta kalla, ta ɗan ja da baya, ta ce, "Yauwa. Wa ya kawo ka?" Daga wannan daren agogo suka koma na biyu a wajena.

Turawa na kiran wannan wasa da wata kalma da suka aro daga Latin, ma'anarta magana daga ciki, saboda mutanen da can sun ɗauka daga tumbi muryar ke fitowa. Ni aron murya nake ce masa. Babu inda muryar ke zuwa, a bakinka take. Kunnen ɗan Adam ne bai cika tantance takamaiman wurin da sauti ya fito ba, sai ya nemi taimakon ido, ido kuwa bakin da ya ga yana motsi shi yake ɗora wa maganar. Mu ma muna da wasan 'yar tsana a ƙasar Hausa, irin na 'yan dabo, wanda a Nijar ake ce wa ɗiyan dabo, sai dai can mai wasan ɓuya yake yi a ƙarƙashin riga ko mayafi. A nan kuwa kana zaune a fili, kowa na ganin fuskarka, hannunka ɗaya ne kawai ya ɓace a bayan yaron.

Sai daga baya na san wanda na sayo. Kwaikwayon Charlie McCarthy ne, yaron katakon shahararren mai aron murya Edgar Bergen. Bergen yana ɗan makarantar sakandare ya zana fuskar wani yaro mai tallar jarida, ya kai wa wani masassaƙi a Chicago mai suna Theodore Mack, ya sassaƙa masa kan a kuɗin da bai kai dala 40 ba. Daga 1937 har zuwa 1956 su biyun suna shiri a rediyo, Amurka kaf na saurare. A rediyo fa, inda ba mai ganin leɓen kowa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa halin da aka ba yaron ya fi ɓoye leɓe muhimmanci. Charlie na asali yanzu yana gidan tarihi na Smithsonian a Washington. Nawa kuwa ɗaya ne daga cikin dubban da kamfanonin kayan wasa irin su Juro da Goldberger suka yi ta bugawa da roba don yara: kai na roba, jiki na yadi cushe da auduga, igiya a ƙeya. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a a Amurka da irinsa suka fara. Jeff Dunham ma, wanda yanzu ke cika manyan filaye, yana ɗan shekara 8 aka ba shi irin wannan kyauta.

Abin da ban sani ba shi ne, ashe matattarar wannan harka ta duniya gaba ɗaya tana tsallaken kogi daga gidana. In ka haye gadar kogin Ohio ka shiga jihar Kentucky, tafiyar 'yan mintoci ce zuwa Fort Mitchell. A wani layi na gidajen zama, wanda ba abin da zai nuna maka akwai wani abu a cikinsa, nan gidan tarihin Vent Haven yake. Wani ɗan kasuwa ne ya kafa shi, William Shakespeare Berger, shugaban wani kamfanin tayil a Cincinnati. A 1910 ya je New York kan harkar aiki ya sayo na farkonsa, mai suna Tommy Baloney. Ya yi ta tarawa har gida ya cika, gareji ya cika, ya yi sabon gini. Ya rasu a 1972, aka buɗe wurin ga jama'a a 1973. Yanzu sun haura 1,000, kuma a 2023 aka buɗe musu sabon gini. Sai da alƙawari ake shiga, daga Mayu zuwa Satumba.

Ranar da na fara zuwa, na tsaya a bakin ƙofa na kasa ɗaga ƙafa. Ga su nan jere a kan kujeru sahu-sahu kamar 'yan aji, duk ido a buɗe, ɗakin tsit. Na san mutane da yawa tsoro abin ke ba su. Ni tausayi ya ba ni, domin kusan kowane ɗaya a cikinsu mai muryarsa ya riga mu gidan gaskiya. A wurin ba a yarda baƙo ya ɗauki ɗaya ya sa masa murya ba, kuma na ga dacewar hakan. Akwai wasu kawuna huɗu da suka fi tsaya mini a rai, na wani mai wasa William Wood, wanda jirgin ruwa ya nutse da shi a Tekun Meziko a 1908. Shi ba a same shi ba, su kuwa ruwa ya turo su gaɓa. Fentinsu ya ci ruwan gishiri ya ɗaɗɗaye, kuma haka aka bar su, ba wanda ya ce bari ya gyara. Na ga wannan da idona, amma ban ɗauki darasin ba sai da na yi tawa ɓarnar. Zan zo kanta.

A can na fara gane hannun masassaƙa, kamar yadda mahaifina ke gane agogo tun bai buɗe bayansa ba. Frank Marshall, wanda ya yi aiki a shagon Mack a Chicago, da wani itace mai laushi da ake kira baswud yake sassaƙa, fuskokinsa na da kumatu da wani irin murmushin rashin ji. Shi ya yi Jerry Mahoney na Paul Winchell, da Danny O'Day na Jimmy Nelson. Na Ingila daban suke. Len Insull yawanci da takarda jiƙaƙƙiya da gam yake gina kai, ya lulluɓe wajen bakin da siririyar fata don kada a ga tsaga. Shi ya yi Archie Andrews na Peter Brough, wanda aka sayar a gwanjo a 2005 kan fam 34,000. Amma waɗanda suka tafi da hankalina su ne 'yan'uwan nan biyu, George da Glenn McElroy, mutanen Harrison, nan kusa da mu a Ohio, da suka yi aiki a shekarun 1930. In aka buɗe ƙeyar ɗaya daga cikin nasu, sai ka rantse cikin agogon bango kake kallo. Gira na ɗagawa, kunne na kaɗawa, hanci na motsi, harshe na fitowa, gashi na miƙewa, kuma duk da wasu 'yan maɓallai a jikin sanda kamar na tafireta ake sarrafa su. Ba su yi da yawa ba, shi ya sa masu tarawa ke rububinsu. Na daɗe tsaye a gaban ɗaya ina tunanin da mahaifina na raye, da sai an yi da gaske kafin a raba shi da wurin.

Sabo na ƙwararru, wanda aka yi da hannu, sai ka ajiye dala dubu da wani abu, wani ma ninkin haka. Mai iyali da ke aikin gyaran injuna a masana'anta ba zai fara ta nan ba. Hanyar talaka ita ce ka ɗauki na roban nan na yara ka mayar da shi na aiki. A nan ne kuma daɗin abin yake.

Farko za ka raba kai da jiki, ka sa siririn zarto ka yanke ƙeyar kamar murfin ƙwarya, daidai inda gashi zai rufe. Jikin audugar nan ka ajiye shi gefe, hannuwa da ƙafafu kawai za ka ɗauka. Sai ka ƙera sabon jiki kamar ɗan akwati: falle a ƙasa don zama, falle a sama don kafaɗu, ka huda rami a tsakiyar na saman, ka goge bakinsa ya yi kwarin da wuya zai zauna ya juya ba tare da ya kama ba. Bayan a buɗe yake, ta nan hannu ke shiga. A ƙarƙashin wuyan kuma ka dasa sanda mai kaurin muciya ƙarama, ita ce za ka riƙe. Igiyar da da take fita ta ƙeya, yanzu sai ka biyo da ita ta kan ɗan gargare a cikin kai, ta sauko ta cikin wuya, ta ɗaure a wata 'yar kunama kamar ta bindiga a jikin sandar, inda babban yatsa zai same ta. Ranar da na fara riƙe wannan sanda na karkata kan gefe guda, na ɗan sunkuyar da shi, sai na ga yaron yana jin kunya. Ban taɓa bakin ba ma. Tun ranar na san a wuya rai yake, baki na biye ne.

Idanu su suka fi cin lokaci. Na asalin zane ne kawai a jikin robar, sai ka yanke su da tsinin wuƙa a hankali, ka bi da magagari har ramin ya yi sumul. Ka samo ƙwallayen katako biyu masu faɗin inci ɗaya da ɗan ɗori, ka fafe gaban kowanne ka dasa ƙwayar ido, ka huda su daga sama zuwa ƙasa ka zura su a kan wayar tagulla don su riƙa juyawa. Kowanne yana da ɗan wutsiya a baya, waya ɗaya ta haɗa wutsiyoyin biyu don su tafi tare, ƙananan sifirin biyu kuma, ɗaya dama ɗaya hagu, su dawo da su tsakiya in ka saki. Sau uku ina kwance na farkon. Duk lokacin da na haɗa, sai in ga kallonsa ya wuce ta cikina kamar na wanda ya suma. Na auna, na sake aunawa, komai daidai yake. Ashe daidaiton ne matsalar. Idon mai rai in yana kallonka, ƙwayoyin biyu kan ɗan karkato ciki su haɗu a kanka. Na lanƙwasa wayar da ta haɗa su da abin da bai fi kaurin farce ba. Na juyo da shi, sai ga shi yana kallona.

Akwai kuma ƙarar haɓa. In sifirin ya yi ƙarfi, duk rufe baki sai ka ji ƙwas. Ɗan ƙyallen bargo nake mannawa a ciki inda haɓar ke bugawa. Wani lokaci dai ƙarar kan zama alheri. A 1955 Jimmy Nelson ya je gwajin tallar Nestlé da karen wasansa Farfel, gumi ya jiƙa masa hannu, yatsansa ya zame daga kunamar, bakin karen ya rufe da ƙara a ƙarshen waƙar. Ya ɗauka ya rasa aikin. Masu kamfanin suka ce a bar shi haka, kuma haka aka yi ta yi shekara 10.

Da na zo kan fuska, na riga na yanke shawarar ba Bature zai ci gaba da zama ba. Ina so 'ya'yana su ga mai kama da su. Wani abu da ke sosa rai a tarihin harkar nan shi ne yawancin tsofaffin baƙaƙen 'yan tsana da za ka gani an yi su ne don izgili: leɓe ja wur kamar an shafa jini, ido zuru-zuru. Amma akwai baƙaƙen fata da suka riƙe sana'ar da mutunci. John W. Cooper na Brooklyn, da yaron wasansa Sam Jackson, shi ya koyar da Shari Lewis mai 'yar tsanar tunkiya Lamb Chop. Willie Tyler, wanda ya tashi a Detroit, ya zaga da mawaƙan kamfanin waƙa na Motown shi da yaron wasansa Lester. Hotunan waɗannan na liƙa a bango ina aiki. Na sami wani ƙulli mai haɗi biyu, dangin aradait, na faɗaɗa hancin, na cike leɓen, na rage tsinin haɓar. Fentin mai ba ya bushewa a kan irin wannan roba, sai ya yi ta danƙo har abada, don haka na ruwa nake amfani da shi, akirilik. Kuma baƙar fata ba da baƙin fenti ake yinta ba. Ja mai duhu kamar jar ƙasa na fara shimfiɗawa, sannan na bi da ruwan ƙasa siriri-siriri har sau biyar, ina barin jan yana ɗan leƙowa a kumatu da goshi da kan hanci. Da soso nake dangwalawa maimakon buroshi, don kada ya yi sheƙi a gaban fitila.

Uwargida ce ta raɗa masa suna. Ta ce tunda mata biyu ya tarar a gidan, ai Tanko ne. Kayan yaro ɗan shekara biyu zuwa uku ke shigarsa. Na aika wa ƙanena awo a Kano, tela ya ɗinka masa kaftani da wando da 'yar hula, da tsaga a baya. Na farkon da shadda aka yi, sai ya zama duk motsin hannuna a ciki ana jin ƙarar yadin. Aka sake da yadi mai laushi, na wanke shi sau biyu kafin in sa masa. Ƙanena ya ce telan ya tambaye shi wane irin yaro ne wannan mai faɗin kai haka ga guntun hannu.

Yanzu maganar murya, wadda ita ce na fi so in gaya wa duk Bahaushen da zai gwada. Abokan gabar mai aron murya su ne haruffan leɓe. Littattafan koyon duk na Turanci ne, suna fama da nasu. Mu namu huɗu ne: b, ɓ, m da f. Dabarar ita ce harshe ya yi aikin leɓe. Ka ɗan buɗe baki kamar mai shirin murmushi, haƙora kusa da juna, ka kai tsinin harshe bayan haƙoran sama, ka faɗi d mai taushi a wurin b, ɗ a wurin ɓ, n a wurin m, kana raya harafin gaskiyar a zuciyarka. A cikin jimla kunnen mai sauraro da kansa ke gyara sauran. Na yi wata da watanni a gaban madubin banɗaki kafin "ɓarawo" ta fito ba tare da leɓena sun taɓa juna ba. Harafin f kuwa, Hausa da kanta ta ba ni mafita. Na tuna wani yaro Basakkwace da ke kawo wa mahaifina shayi a shago, mai saurin baki da ƙaramar murya. Shi "lahiya lau" yake cewa, da "tahi", da "hita", da "hura da nono". Na ba Tanko harshensa, f ta fita daga lissafi gaba ɗaya, kuma ya samu asali da hali a lokaci guda. In na tambaye shi abu ya ce "awo", duk wanda ya san Sakkwato sai ya yi dariya tun kafin a kai ga abin dariyar. Yara sun so ya riƙa ce mini Baba, amma b biyu a jere sun yi yawa. Kawu yake ce mini.

Amfaninsa na gani ne a taron Sallah na mutanenmu a birnin Columbus. Yaran da aka haifa a nan, iyayensu na yi musu Hausa suna mayarwa da Turanci. Tanko kuwa na gaya musu ba ya jin Turanci ko kaɗan. Sai ga yaro ɗan shekara 7 yana ta laluben kalma, yana waiwayen uwarsa ta taya shi, don kawai ya tambayi Tanko ko yana da keke. Na ga uwar ta juya tana share ido da gefen mayafi.

Ba zan tsallake maganar da na san tana ran mai karatu ba. Lokacin da suka kai shida, na jera su a kanta a falo. Wata rana muna waya ta bidiyo da mahaifiyata, sai ta yi shiru, ta ce, "Kai wannan yaro, me nake gani haka a bayanka? Gumaka ka koma tarawa a ƙasar mutane?" Na ce, "Hajiya, kayan wasan yara ne." Ta ce, "Yaran ke wasa da su ko kai?" Maganar ta kwana a raina. Bayan sallar Juma'a na sami limaminmu na yi masa bayani ba tare da na rage komai ba. Ya kawo mini hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da ke wasa da 'yan tsananta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuma kawo mini hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani a kan surori. Ya ce malamai sun yi sauƙi a kan abin wasa da koyar da yara, amma girke mutum-mutumi a matsayin ado wani abu ne daban, kuma kada in yaudari kaina a kan wanne nake yi. A ranar na sauke kantar. Yanzu duk suna ɗakin ƙasa, kowanne a akwatinsa, kai daban jiki daban, fuska a naɗe da tsumma mai laushi. Ba na sa sunan Allah ko sallama a bakin Tanko, "sannunku" yake cewa. Ni ba malami ba ne, abin da na tambaya aka gaya mini na kuma yi aiki da shi nake faɗa. Wanda abin ya shafa ya tambayi nasa malamin.

To, ɓarnar da na ce zan zo kanta. A 2017 na sayi wani tsohon kai a wajen masu sayar da kayan gidan mamaci. Na takarda da gam ne, mara nauyi kamar ƙwarya, fentinsa duk ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. A lokacin na gyara na roba sun kai biyar, hannuna ya faɗa, ina ganin ba abin da zai gagare ni. Na sa samfefa na goge tsohon fentin tas. Na kwaɓa abin cike tsaga da ruwa na shafe fuskar. Da safe na tarar kuncin hagu ya sha ruwa ya lotsa ciki. Na cike, na sake gogewa, na yi masa fenti sabo fil. Sandar ma na ga ta yi baƙi ta yi wani lotsawa a gefe, na goge ta har farin itacen ya fito, na shafa mata mai.

A watan Yuli na kai shi babban taron masu wannan wasa da Vent Haven ke shiryawa duk shekara, inda ɗaruruwan mutane ke haɗuwa, har da ɗakin 'yan kasuwa da masu gyara. Na miƙa wa wani dattijo da ya daɗe yana gyaran tsofaffi. Ya juya shi, ya leƙa ciki, sannan ya riƙe sandar yana shafa ta da babban yatsa, yana neman wani abu. Ya tambaye ni ko da akwai ɗan kwari a nan. Na ce akwai, na goge. Ya ce wannan wurin yatsan mai shi ne, shekaru ne suka fafe shi, kuma da na bar fentin da wataƙila an gane wanda ya yi kan. Bai yi mini faɗa ba, ya miƙo mini abina da hannu biyu. Na fito na zauna a mota na daɗe ban tayar ba. Mahaifina in aka kawo masa tsohon agogo, ko gilashin ya dushe ba ya canzawa sai ya tambayi mai shi, kuma duk abin da ya cire sai ya ƙulle a takarda ya haɗa masa da shi. Na ga wannan sau ɗari ina yaro. Wani bawan Allah ya yi shekaru yana ciyar da iyalinsa da wannan sanda, ni kuma na share sawunsa cikin minti biyar don ina son ta yi kyau.

Tun daga nan na raba su gida biyu. Na roba da injin kamfani ya buga dubbai, waɗannan ina yanka su, in sake musu fuska da launi da suna yadda na ga dama, kuma ina ƙarfafa wa kowa gwiwa ya yi hakan. Wanda kuwa hannun mutum ya sassaƙa, wani kuma ya yi aiki da shi, ba na ƙara masa komai, ba na rage masa. Yanzu ina da 14. Tara nawa ne na gyara, biyar tsofaffi ne da nake riƙo.

Na baya-bayan nan yana kan teburina yanzu haka. Kan katako ne mai nauyi, babu sunan kowa a ciki, gashinsa na mutum ne na gaske, kunnen dama ya ɗan ɓantare. Kwarin yatsa na nan a sandarsa, ya fi nawa yatsan faɗi, sai na ɗan gyara riƙo kafin in cika shi. Igiyarsa na canza da sifirin ɗin haɓa, tsofaffin na sa a ambulan na rubuta kwanan wata na ajiye a akwatinsa. Abin da ya rage shi ne 'yar fatar da ke rufe ramin ƙarƙashin haɓa, wadda ta bushe ta karye kamar ganye. Duk fatar da na samu a nan ta yi kauri, tana hana bakin rufuwa. Sai na tuna da fatar jar akuyar Sakkwato. Na kira ƙanena, ya shiga wajen majema a cikin birni ya zaɓo mini mafi taushi, ya sa dukawa suka ƙara fefe ta har ana ganin inuwar yatsa ta bayanta. Makon jiya wani da ya dawo daga gida ya kawo mini, naɗe a cikin jarida, ƙanshin jima na tashi. Na yanki abin da bai fi tafin hannun jariri ba. Da gam ɗin fata irin na da zan manna ta, wanda ɗumi da ɗan danshi ke sakinsa, saboda wanda zai zo ya canza ta bayana kada ya sha wahala. Gam ɗin na kan wuta a cikin gwangwanin madara, ina jira ya narke.